Baƙon da Na Ƙulle a Bakin Gyale

Cikina na uku yana wata bakwai lokacin da na yi wannan aika-aika. Biyun farko duk sun zube, ɗaya a wata huɗu, ɗaya a wata shida, shi har 'yan yatsunsa na gani. Saboda haka a na ukun nan ko atishawa zan yi sai na dafe mara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi.

Ni 'yar wani ƙauye ce a gefen Roni, daga cikin 'yan tsirarun gidajen Hausawa Kirista da ke yankinmu. Har yau in na faɗi haka a Kazaure sai wasu su ƙara kallona, ko za su ga inda Hausar tawa ta karkace. Majami'armu irin wadda Turawan mishan suka bari ce, Babanmu kuma dattijo ne a cikinta, yana cikin masu rarraba Jibin Ubangiji. Sau ɗaya ake yi a wata, ranar Lahadin farko. Inna ce take yanka burodin ƙanana-ƙanana, ta dafa zoɓo a madadin ruwan inabi, a zuba a 'yan kofuna. A wurinmu ba a tashi. Kana zaune dattawa za su biyo da faranti benci-benci, ka ɗauki gutsurenka ka riƙe a tafin hannu, ka jira. Sai kowa ya samu, har su dattawan, sannan fasto ya ɗaga nasa ya ce mu ci tare. Duk wanda ya riga jama'a kaiwa baki, ranar shi ne labarin bakin rijiya.

Kafin faranti ya fito, sai fasto ya yi gargaɗi. Wanda ba a yi wa baftisma ba, da wanda ke ƙarƙashin horo, da wanda ya san yana ɓoye wani abu a ransa, kada ya miƙa hannu, domin wanda ya ci bai cancanta ba hukunci ya ci wa kansa. Mu yara mun san kamannin hukuncin nan. Akwai wani mai faskare a ƙauyenmu da aka ce ya ci Jibi alhali yana neman matar ƙanensa, bai rufe wata uku ba cikinsa ya kumbura ya mutu. Yanzu da na yi karatu na san ciwon hanta ne ya kashe shi. Amma abin da aka zuba maka a kai kana shekara bakwai, takardar kwalejin horon malamai ba ta wanke shi.

Mijina malamin gona ne, ɗan Katolika, daga wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Mahaifinsa shi ne katikis ɗin wurin, wato mai jan addu'a da koyar da jama'a in babu Fada, limamin cocinsu, Fada kuwa sai a yi watanni bai leƙa su ba. A majami'armu aka ɗaura aurenmu don Babanmu ya kafe a kan haka, surukina kuma ya yi ta zirga-zirga a keke har ya samo wa ɗansa izinin cocinsu. Muka kama haya a Roni. Ranar Lahadi shi ya hau babur ya nufi Kazaure, ni na taka zuwa ƙauyenmu. Shekara huɗu muna haka, ban taɓa ganin yadda suke nasu Jibin ba, ban kuma taɓa tambaya ba. A zatona burodi dai burodi ne ko a gidan wa.

A daminar shekarar da aka yi ta tsoron wata annoba, aka hana musabaha, har mutane suka yi ta wanka da ruwan gishiri, sai aka ce Fada zai zo ƙauyensu ya yi Mas, babbar sujadarsu, don tunawa da surukata da ta cika shekara da rasuwa. Ranar Talata aka sa, domin Lahadi ba ta isar Fada. Ba yadda za a yi matar ɗa ta ƙi zuwa. Muka tafi a babur, mijina yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, ni ina ƙirga kowane rami.

Cocin ginin ƙasa ne da rufin kwano, ranar kuma ya cika maƙil da mutanen ƙauyuka huɗu ko biyar, maza a dama, mata a hagu. Mijina yana waje tare da masu kula da abincin baƙi. Matan danginsa suna can gaba wajen mawaƙa. Ana tsakiyar sujada fitsari ya matse ni, irin na mai ciki wanda bai san a ce masa dakata ba. Na sulale na zaga bayan wata gonar gero. Daga baya na ji cewa a daidai wannan lokaci ne surukina ya miƙe ya yi sanarwa, cewa Tarayya, wato nasu Jibin, ta 'yan Katolika ce waɗanda suka shirya, sauran baƙi su zauna a wurarensu su yi addu'a.

Ina dawowa na tarar mata sun yi layi har bakin ƙofa, matan wasu ƙauyuka da ba su san ni ba. Wata tsohuwa ta dubi cikina ta ja baya.

"Wuce gaba, 'yar nan, ke da kike da nauyi."

Na yi lissafi irin na gidanmu. An yi mini baftisma, ba na ƙarƙashin horo, ba na ɓoye komai. A wurinmu wanda ya bar faranti ya wuce shi ne ake yi wa tambayoyi. In na koma na zauna a cocin surukai, ko a ce girman kai ne, ko a ce akwai abin da na aikata. Sai na ce mata na gode, na shige gabanta.

Sai da na isa gaba na ga wanda ke tsaye kusa da Fada riƙe da ɗan faranti. Surukina ne. Tun da aka kai ni gidansu ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ban kuma taɓa haɗa ido da shi ba. Na rusuna, na sunkuyar da kai, na miƙa hannu biyu. Da can a harshe suke karɓa, amma saboda annobar nan Fada a hannu yake bayarwa. Wani saurayi ne, gumi ya jiƙa masa wuya, layi kuma da saura. Ya faɗi wata magana ya ɗora mini wani abu fari, zagayayye, sirit, bai fi tsohon kwabo faɗi ba. Na ce, "Na gode." Na ja gyale na rufe fuskata har da hannun, na juya.

Na samu gefen benci a baya na zauna, na dunƙule hannuna a cinya, ina jira a ce mu ci tare. Har ina jin daɗin kaina, wai na nuna musu tarbiyyar gidanmu.

Layi ya ƙare. Na saci kallon matan da ke gefena, kowa a durƙushe, ido a rufe, hannuwa wayam. Na ce ƙila sai Fada ya gama. Fada ya koma kan teburi ya tattara ɗan ɓurɓushin da ke faranti da yatsa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya zuba a kofi, ya ƙara ruwa, ya kaɗa, ya shanye, ya goge kofin da farin ƙyalle. A gidanmu Inna kaji take watsa wa ɓurɓushin, ragowar zoɓon kuma mu shanye a bayan majami'a, domin da an ce amin ya koma zoɓo. Nan ga mutum yana bin ƙwayar da ido ma ba ya gani sosai, ni kuma guda sukutum yana manne da gumin tafina. A nan gabana ya fara faɗuwa. Aka sa albarka, aka tashi, ba wanda ya ce mu ci tare.

Kafin a fara gaishe-gaishe na yi abin da kowace mace a ƙasarmu take yi da goron da ba za ta ci nan take ba. Na ƙulle shi a bakin gyale.

A hanyar komawa, bayan mun hau kwalta, na matsa kusa da kunnen mijina.

"Wai ni kam, in wanda ba ɗan cocinku ba ya bi layin nan fa?"

"Ai shi ya sa Baba ya yi sanarwa. Ba ki ji ba?"

"Na ji," na ce. Ƙaryar farko ke nan.

"Ku a wurinku tunawa kawai kuke yi," in ji shi. "Mu a wurinmu, da Fada ya yi addu'a a kai, ba gurasa ba ce kuma. Ubangiji ne da kansa, jikinsa. Ni kaina in ban je na furta zunubaina ba, ba na tashi daga benci."

"To in mutum ya karɓa bai ci ba, ya fita da shi?"

Sai na ji ya rage gudu.

"Wa zai yi haka in ba matsafi ba?"

Ya ba ni labarin garin da ya yi hidimar ƙasa a kudu, inda aka kama wata mata da shi a cikin hankici. Wurin boka za ta kai, wai a haɗa mata maganin haihuwa. Ya ce da ƙyar Fadan wurin ya ƙwace ta daga hannun samari. Yana magana, ƙullin gyalen yana kaɗawa a iska yana bugun bayansa.

Dole in faɗi abin da ya sa ban buɗe baki a nan ba. Bayan ɓarina na biyu gwaggona ta kawo mini wata laya, ta ce in sa a ƙarƙashin matashi. Ban yarda da ita ba, ban kuma iya jefar da ita ba. Mijina ya gani, ya ƙone ta a tsakar gida, muka yi kwana uku ba ma magana, labari kuma ya kai har danginsa. To mace mai ɓari biyu, wadda aka taɓa kamawa da laya, a same ta da wannan a bakin gyale, wa zai saurari zancen wai jira take a ce mu ci tare? Ni kaina da wata ce ta faɗa mini da na taɓe baki.

Da muka isa gida na kwance ƙullin. Gefensa ɗaya ya ɗan lanƙwashe saboda gumi, amma bai karye ba. Na ɗauko wata 'yar langa mai murfi daga jeren kwanukan aurena, wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, na shimfiɗa sabon hankici, na sa shi, na rufe, na mayar can saman jere.

Daga nan na shiga lissafin da ba ya fita. In na ci, na ci abin da ba nawa ba, da ƙarya a bakina, hukunci kuma na san inda yake sauka, na ga cikin mai faskare. Cikina kuwa akwai mutum a ciki. In na binne shi a bayan gida, to jikin wa na binne? In na jefa a ruwa ko a wuta, wannan ko a zuci ban iya ƙarasa shi ba. In na kai wa Fada a Kazaure, sai na faɗi ko ni wace ce, sunan surukina ya ɓaci a cocin da ya yi shekara talatin yana share wa daɓe. In na bar shi a nan, to ga shi nan, kullum yana saman kaina. Gaba kura, baya siyaki. Ko ta ina na bi, lissafin a kan abin da ke cikina yake ƙarewa, don na riga na sa a raina cewa shi za a karɓa.

Wani zai ce ai ke ba ki yarda jikinsa ba ne, me ya dame ki? Haka na yi ta faɗa wa kaina, da Hausa da Turanci. Da rana tsaka ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji uku, sai in ce burodi ne, garin alkama ne da ruwa. Ina dawowa gida na ɗaga labule, sai in ga na rage murya. Na daina canza kaya a ɗakin. Na daina juya wa jere baya in zan fita. Wata safiya na tsinci kaina ina rusunawa ina cewa ina kwana.

Ranar Juma'a na ga kiyashi sun yi layi a jikin bango sun nufi saman jere. Ban san lokacin da na taka kujera da cikin nan ba. Ba su kai ga shiga ba, amma biyu suna yawo a kan murfin. Na sauko da langar, na dasa ta a tsakiyar tire, na zuba ruwa kewaye da ita yadda ake yi wa zuma. Mijina ya shigo ya gani ya tambaya mene ne. Na ce alewa ce nake ɓoye wa kwaɗayina. Ya yi dariya ya ce masu ciki sai Allah. Ƙarya ta biyu ke nan, daga nan na daina ƙirgawa.

Lahadin da ta biyo ita ce ta farkon wata. Na so in ce ba ni da lafiya, amma da na yi haka Inna za ta taso ta zo ta tare a ɗakina. Na je. Fasto ya yi gargaɗinsa na kullum, da ya zo kan mai ɓoye wani abu a ransa sai na ji kamar ya kira sunana da na ubana. Dattawa suka ɗauki faranti. Cikin dattawa huɗu, Babanmu ne ya biyo bencinmu. Ya miƙo mini, na tusa hannuwana a ƙarƙashin gyale na girgiza kai. Ya tsaya. Ya ƙara matso da farantin, ko ban gani ba. Na sake girgiza kai. Sannan ya wuce ga ta kusa da ni.

Ana tashi Inna ta ja ni bayan majami'a, inda muke shan ragowar zoɓo muna yara. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a tsakiya.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah. Cikin nan na mijinki ne?"

"Inna, nasa ne."

"To me kika yi?"

 Ta jira, ta gaji, ta ce in ma kisan kai na yi gara in faɗa, don ubana bai taɓa jin kunya irin ta yau ba. Na ji haushinta ƙwarai, na kuma ji tausayinta, amma tsoro ya fi su duka nauyi. Na taka na koma Roni ina kuka a kan hanya, masu babur suna tsayawa suna tambaya ko naƙuda ce.

Ranar Talata aka tura mijina Babura wani taron manoma na kwana uku. Abinci ya riga ya fita daga raina tun Lahadi, da ya tafi kuma sai na daina ɗora tukunya. Ranar Laraba da azahar na lura tun safe ban ji motsi ba. Yaron da ke damuna da shuri har in yi masa faɗa ya yi tsit. Na sha ruwan randa, na kwanta a gefen hagu, na buga cikin da yatsa, na yi masa magana. Shiru. Haka na biyun ya yi kafin ya tafi. Asibiti ba nisa daga gidanmu, amma na ƙi zuwa, don ina ganin muddin ba a faɗa mini ba to bai tabbata ba. Wauta ce, yau duk macen da ta gaya mini haka da kaina nake tsayar mata da babur. Na zauna a ƙasa gaban tiren nan na ce, in laifi ne nawa ne, a ɗauke ni a bar shi.

Ranar Alhamis da hantsi na ji ƙararrawar keke da sallama a ƙofar gida. Muryar surukina ce. Bai taɓa zuwa gidanmu ɗansa ba ya nan ba. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, na kawo ruwa, na koma nesa na durƙusa. Muka gaisa. Ya tambayi damina, ya tambayi makaranta, ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sake tambayar damina. Na ce ɗansa yana Babura. Ya ce ya sani.

Ya yi ta juya hularsa a hannu. Ya rame, wuyansa ya fito daga riga. Can sai ya sa hannu a ƙirji ya ciro wani ɗan gwangwani mai ruwan zinariya, zagayayye, rataye da igiya, ya riƙe shi yana kallon ƙasa.

"'Yata," ya ce, "akwai baƙon da ya biyo ki daga wurinmu. In yana nan, na zo tafiya da shi. In kuma ba ya nan, ki ce ba ya nan, ba zan ƙara tambaya ba."

Ya buɗe mini ƙofar ƙarya da kansa, kuma na leƙa ta. Da na ce ba ya nan, da ya hau kekensa ya tafi, ba mai ƙara tayar da zancen. Amma na gaji. Na ce, "Baba, yana ciki."

Ya sauke wani dogon numfashi. Na yunƙura zan ɗauko, ya ɗaga hannu ya ce in bari. Ya cire takalmansa, ya nemi izini, ya shiga ɗakin surukarsa, abin da ba a yi. Ina daga bakin ƙofa na nuna masa. Ya ga tiren da ruwan da langar a tsakiya, ya daɗe yana kallo. Sannan tsohon nan ya durƙusa a kan sumuntina, gwiwoyinsa suna ƙara, ya buɗe murfin, ya sunkuyar da kai. Da ya gama addu'arsa ya ɗauke shi da yatsa biyu ya sa a gwangwanin, ya naɗe hankicin ma ya haɗa, ya mayar cikin riga.

Da ya fito na fara bayani, maganar tana tuntuɓe. Na ce wallahi ba boka, ba komai, a wurinmu jira ake yi.

"Na sani," ya ce. "Na taɓa zama a majami'arku ranar Jibi, na ga yadda kuke yi. Ni na gan ki tun kina rusunawa. Kafin bakina ya buɗe Fada ya riga ya ɗora miki. Na ga kin rufe hannu. In kira ki a gaban jama'a, na tona miki asiri. In yi shiru, na ci amanar aikina. Sai na yi shiru, laifin nawa ne. Washegari na je na faɗa wa Fada, ya ba ni wannan ya ce in zo. Sau biyu ina zuwa har bakin kasuwarku ina juyawa. Da wane baki mutum zai tambayi matar ɗansa, kin ci ko kin ɓoye?"

Ashe kwana taran nan shi ma azumi yake yi.

A al'adarmu suruki bai san surukarsa tana da ciki ba, ko da cikin ya riga ta shiga ɗaki, ita ma ba ta ambata. Ranar na ajiye wannan kunyar. Na ce, "Baba, tun jiya bai motsa ba. Shi aka karɓa, ko?"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko, ido cikin ido.

"Wanda ya kwana tara a ɗakinki, kika tsare shi daga kiyashi, ba kashe mutane ya zo yi duniya ba. Yaushe rabonki da abinci?"

Na ce ban tuna ba. Ya je wurin kekensa ya kwanto wata 'yar ƙwarya da aka rufe da faifai. Fura ce da nono, ya saya wurin wata Bafulatana a hanya don ya buɗe baki in an dace. Ya dama da kansa, ya ajiye a gabana da ludayi.

"Wancan ba ni da ikon ba ki," ya ce, ya dafa ƙirjinsa. "Ba ni na kafa dokar ba, ba kuma ni zan karya ta ba. Wannan kuwa nawa ne. Sha."

Na ce sai ya tafi. Ya ce ba inda za shi. Ya koma kan tabarma ya zauna, ya juya fuskarsa wajen bango don ya rage mini nauyi. Na ɗauki ludayi. Na sha ɗaya, na sha biyu, sai yunwar kwana huɗu ta taso gaba ɗaya, na ajiye ludayin na kafa kai a ƙwaryar a gaban surukina. Na kusa ganin gindinta ke nan na ji shuri a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, mai ƙarfi, irin na mai jin haushi. Na saki ƙara. Ya sake yi.

Tsohon bai juyo ba. Ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "To, madalla," ya share fuska da hularsa, ya ce in shirya ya raka ni asibiti kafin ya wuce Kazaure. Ya tura kekensa a gaba, ina biye da shi a baya. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ni ta yi mini tatas, ta ce uwar da ba ta ci ba ta yaya ɗa zai yi wasa. Ƙila gaskiyarta ce, ban yi mata musu ba.

Na faɗa wa mijina da ya dawo, na faɗa wa Inna, ita kuma ta faɗa wa Babanmu. Lahadin farkon watan da ya biyo, shi ya sake biyo bencinmu, ya tsaya a gabana har na ɗauka.

Mace na haifa. Surukina ya riƙe ta a hannu, bai kai ga ganin ta shiga makaranta ba. Cocin ubanta ta bi, ban hana ta ba. Bara ta fara karɓar Tarayya a Kazaure, cikin farar riga da ni na ɗinka mata. Da aka yi sanarwar baƙi su zauna, na zauna, na tusa hannuwana a ƙarƙashin gyale. Ta bi layi ta isa gaba, Fada ya ba ta. Ban ɗauke idona daga maƙogwaronta ba sai da na ga ta haɗiye.